Koke Kan Ƙaramar Jif Ɗin da Ta Ƙi Mutuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Motoci na Dogon Zango, uban ƙarafa, sarkin tayoyi, Allah ya ƙara wa injinka lafiya.

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta ci amfani kuma ta zo da ƙorafi, sunana Hajiya Ummakulsum, ina sayar da atamfa a Fagge. Shekara goma sha ɗaya ke nan da maigidana Malam Hadi ya saya mini ƙaramar jif ɗinku, samfurin da kuka raɗa wa suna Kurege. Ranar da ya miƙa mini makulli ya ce, "Duk ranar da ta mutu, sabuwa zan saya miki." Ranka ya daɗe, har yau jira nake yi.

Na ɗaya. Kun raba ni da uzurin da kowane mai mota a Kano yake taƙama da shi. Suna a Bichi, biki a Wudil, kowa sai ya ce mota ta lalace, a yi masa Allah ya kyauta. Sau ɗaya na gwada faɗin haka ga yayar maigidana. Sai da ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce, "Kuregen? Ƙarfe goma muna jiranki, mu shida ne, da kuloli." Shin da za ku ƙera ta, kun yi shawara da masu dangi da yawa?

Na biyu. Ku dubi halin da kuka jefa bakanikena, Augustine, mai gareji a Sabon Gari. Mutum ne mai iyali, hannunsa kuma akwai albarka. A shekarun nan duka, daga juyen baƙin mai sai canjin taya da birki. In na shiga garejin, kujera yake ba ni mu gaisa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito yana girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa ɗan dambe. "Hajiya," in ji shi, "da kowa irin taki yake hawa, da tuni na koma garinmu noman rogo." Wannan adalci ne?

Na uku, kuma a nan ne na fi jin ciwo. A Agustan bara na ɗauko buhunan shinkafa daga kasuwar Singa tare da ƙawata Veronica, sai sama ta ɓalle. Ruwa ya cika titi har gwiwa, manyan motoci sun yi cirko-cirko, 'yan adaidaita sahu suna turi. Na ce a raina, yau Allah ya karɓi addu'ata. Veronica tana kiran Yesu, ina kiran sunan Allah, na taka mai na faɗa tsakiyar ruwan. Kurege ta ratsa kamar agwagwa, ko tari ba ta yi ba. Mutanen da suka fake a rumfuna suka ɗauki tafi. Wani Alhaji da motarsa ta yi biyun tawa ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, don Allah a ɗan ja ni." Na ja shi. Na koma gida a jiƙe da godiya, babu sabuwar mota.

Na huɗu. Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, a ƙofar shagona, na murɗa makulli, shiru. Na sake murɗawa, shiru. Ranar da na yi shekaru ina jira ta zo, amma maimakon guɗa sai na hau bin cikin motar da kallo. A wannan kujerar ta baya na riƙa kai Innata asibiti har Allah ya karɓi abarsa. A wannan sitiyarin 'yata Raudha ta koyi tuƙi, ta daki turken rumfar mai shayi, turken ne ya karye. Na kifa kai ina sharɓar kuka, maƙwabta suka taru suna tambayar wa ya rasu.

Na kira Augustine. Ban taɓa ganin mutum ya iso da sauri haka ba, da akwatin kayan aiki guda biyu, bakinsa har kunne. Malam Hadi ma ya iso, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci, ya ce, "To, alkawari kaya ne. Gobe sai mu je ki zaɓa."

Ni kuwa, a gaban 'yan layinmu kaf, na buɗe baki na ce, "Wallahi ba na son sabuwa! A tashe mini wannan!"

Augustine ya ɗaga bonet, ya duba, murmushinsa ya tsinke. Kan batir ne ya kwance. Ya ɗaure da sifana, bugu ɗaya ta tashi. Na rangaɗa guɗa har 'yan dako suka ajiye kaya suna taya ni rawa. Sai da na huce na tuna cewa na rantse, kuma shaidu sun fi talatin. Tun ranar Malam Hadi yake yawo a gida yana 'yan waƙe-waƙe, har ƙarin tuwo yake nema.

Don haka, ranka ya daɗe, tunda kun haɗa ni da ita haɗin da babu saki, roƙona ɗaya ne. Kada ku kuskura ku daina ƙera kayan gyaranta, ko da sau ɗaya za a nema a shekara goma. Kuma ku rubuto mini, da sa hannu da hatimi, shekara nawa kuka ɗiba mata, don in san ko in sa ta a wasiyya.

Taka mai biyayya, wadda ta durƙusa har ƙasa ba don mota ta mace ba,

Hajiya Ummakulsum Hadi
Layin 'yan atamfa, Fagge, Kano