Ranar da Na Nemi Harajin Gida

Saura kwana uku zaɓen kansiloli, ɗan takararmu ya tura ni Batsari in yi jawabi, wai na iya baki. Na tarar da jama'a cike da wata firamare, ban ko tambayi daga ina suke ba. Na gyara hula, na ce mai son rijiya da asibiti sai ya biya harajin gidansa.

Wani dattijo ya ɗago kai.

"Yaro, daga Ruma muka gudo. Ɓarayin daji sun ƙone gidajen. Na tokar za mu biya?"

Ba wanda ya yi dariya. Amma har yau, ko a Safana na sauka, sai na ji, "Sannu da zuwa, Sarkin Toka."