Yadda Ake Haɗa Giyar Lemon Tsami Alhali Suruka Tana Gida

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan, na rantse maka za ka haɗa giyar da Bature zai lashe baki, kuma surukarka ba za ta taɓa sani ba. Na koyi sana'ar ne wurin wani Mordecai da ke unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa. Kama kawai muke yi da shi, ba ni ba ne.

1. Ka manta da alkawari

Kafin a ba Mordecai auren Eunice, sai da ya durƙusa gaban uwarta, Ngo Chundung, ya rantse ya bar giya har abada. Ita kuwa ta ce ranar da ya koma, ranar za ta kwashe 'yarta. Ga ta yanzu ta zo daga Jos wankan jego, tana zaune a flat ɗinsa. Kada wannan ya dame ka. Abin da ka haɗa da hannunka ai girki ne.

2. Ka sayo lemo a kasuwar Deptford

Ka fere bayan sama-sama kamar mai tallan lemo a tasha, kada ka haɗa da farin, ɗaci gare shi. Ka tsare ɓawon da ranka. Mordecai ya juya baya kaɗan, Ngo ta share masa tebur, ta zuba ɓawon a shara, ta jera masa lemon tsirara a faranti. Godiya ya yi mata, ya sake hawa bas.

3. Ka jiƙa, ka ɓoye

Ka zuba ɓawon a kwalba, ka cika da vodka, giyar nan ta Rasha mai kama da ruwa, bayan makonni ka tace ka ƙara ruwan sukari. Sai dai fa babu lungun da suruka ba ta gyarawa.

"Ɗana, mene ne wannan a bayan tukwane?"

"Maganin sanyin gwiwa ne, Mama. Shafawa ake yi."

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji mutane. Tasa dai ta yi tagwaye.

4. Kada ka raina mai ciwon gwiwa

Ngo ta shafa, ta ji yana manne mata a zane. Ta ce maganin da ke da zaƙi haka ba na shafawa ba ne. Ta koma shan cokali biyu da safe. Cikin mako guda tana hawa bene ba ta dafa bango, tana rera waƙar Zumuntar Mata. Mordecai kuwa ko ɗigo bai samu ba, sai fargaba.

5. Ranar Lahadi ka yi ciwon ciki

Shi bai yi ba, ya je coci. Lokacin shaida Ngo ta miƙe da kwalbar a hannu.

"Yabo ga Ubangiji! Asibitin NHS sun ba ni appointment ɗin ganin likita sai baɗi, surukina ya warkar da ni. Mordecai, taso ka faɗa wa matan nan abin da ake zubawa, duk gwiwa gare su."

Mata suka zaro biro. Fasto ya buɗe murfin, ya shinshina, ya dubi Mordecai, sannan ya miƙa masa makirufo.

"Lemo," in ji Mordecai. "Da sukari. Da kuma ruwa, Mama. Irin na Rasha."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, kai ka sayo lemonka, babu ruwana. Kada ka neme ni a gida, a kujerar falon wani abokina nake kwana. Ngo ta kwashe 'yarta da jikanta zuwa gidan ƙanwarta a Peckham. Kwalbar ma ta tafi da ita.