Yadda Ake Shan Kaye a Hannun Suruki a Filin Golf

Kai da ka iya golf, kuma uban budurwarka ya gayyace ka hutun ƙarshen mako a Myrtle Beach, garin shaƙatawa na bakin teku a Amurka, matso kusa. Matakai biyar ne. Ka bi su, ranar Lahadi za ka koma gida da amincewar tsoho a hannu, babu ko tantama. An gwada su a kan Curtis Bohannon, wanda ya shekara huɗu yana buga wa jami'arsu, ya zo neman auren Joelle wajen babanta Wendell Pruitt, mai sayar da tayoyi daga Ohio, mutumin da ko jikarsa ba ya bari ta cinye shi a karta.

1. Bar sandunanka a gida

Karɓi na haya, masu kai kamar ludayi. Curtis har da tambayar wacce ake fara bugu da ita. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Doguwar, yaro. Ta wajen robar ake riƙewa."

2. Ƙulla zumunci da tafki

Kada ka ɓata bugu barkatai, aikin 'yan koyo ne. Zaɓi ruwa ka tsaya a kansa. Asabar da Lahadi, duk tafkin da suka wuce sai Curtis ya ajiye masa ƙwallo a tsakiya cif. Wani kada da ke shan hantsi a bakin ruwa har ya gaji da ɗaga kai.

3. Yabi duk abin da ya buga

In ƙwallonsa ta shige daji, laifin iska ne.

"Iskar nan ba ta da mutunci, Mista Pruitt."

"Ko ganye bai motsa ba, yaro."

In ka ga yana turo ƙwallo da ƙafa daga bayan bishiya, ɗaga kai ka kalli tsuntsu. Masana sun tabbatar don wannan aka halicci tsuntsaye.

4. Kada ka ta da maganar aure a kan abinci

Jira sai ya ci wasa, zuciyarsa ta yi fari. Curtis ya zauna gaban soyayyen jatan lande ya kasa kai ko ɗaya baki, zoben neman aure na can cikin jakar sanduna. Joelle ta turo saƙo: "Ka gaya masa?" Ya amsa: "Sai gobe, in ya doke ni."

5. Ka kuskure bugun ƙarshe

A nan aka sami 'yar matsala. Tsohon bai iya ba, rashin iyawa na gaske, wanda ba a kwaikwayonsa. Duk wahalar Curtis, kunnen doki suka isa ramin ƙarshe. A golf, wanda ya jefa ƙwallo a rami da mafi ƙarancin bugu shi ke ci, kuma Wendell ya gama da bugu shida. Ƙwallon Curtis na taki ɗaya daga rami, bugu na biyar ke jiransa. Abu mai sauƙi: ya kuskure sau biyu, a tafi.

Sai dai a wasan mutum biyu, abokin karawa na iya yafe maka gajeren bugu, a lissafa ta shiga, kuma ba a mayar da kyautar. Wendell ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ƙwallon ya cilla masa.

"Na ba ka. Ka ci."

"Yallaɓai, da ka bari na buga. Hannuna rawa yake."

"Hannun da ya sami tsakiyar tafki sau bakwai? Joelle ta nuna min kofunanka tun Kirsimeti."

Kunya ta rufe Curtis, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Zoben nan da ke ƙara a jakarka, je ka ba ta," in ji tsoho. "Wanda zai kwana biyu yana zubar da girmansa don wani tsoho ya ji daɗi, zai iya zama da 'yata. Amma baɗi ka zo da sandunanka. Akwai wasu 'yan garin Toledo biyu da suka shekara goma suna doke ni suna yi min dariya."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba ruwansa da ƙwallayen da suka nutse, ko yatsan da aka miƙa wa kada, ko surukin da ya ƙi yafe maka bugun ƙarshe. Curtis bai cika matakin ƙarshe ba amma ya sami mata, saboda haka mai ƙorafi ya neme shi. Yana Myrtle Beach kowace bazara, yana kallon tsuntsaye.