Rumfar da Na Yi wa Ma'aunin Ruwan Sama

Ni na kafa wa ma'aunin ruwan sama rumfa. Ba wanda ya sa ni. Gara in faɗa da bakina kafin tela maƙwabcina ya riga ni, don shi ba ya ba da labari sai da ƙarin gishiri.

Bara ne masu girma na ofishin duban yanayi suka zo da motoci shida, suka kafa wani gwangwani mai baki kamar mazurari a bayan gidana. Suka ce kowace safiya in duba inda ruwa ya kai, in faɗa musu ta waya. Wai akwai tauraron ɗan'adam can sama yana kallon gizagizai, har ƙanƙarar ƙarshen duniya yana ganin narkewarta, amma dole a gwada maganarsa da ta ƙasa. Suka yi hoto, suka tafi. Abu ɗaya na riƙe: "Baba, kayan hukuma ne, a kula."

Karatuna aji uku ne, amma ban taɓa wasa da amana ba. Kekena shekara talatin ruwa bai taɓa dukansa ba. Da hadari ya fara haɗuwa, na samo kwano falle biyu na rufe abin ruf.

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, abin auna ruwa kake ɓoye wa ruwa?"

Na ce, "Da ke aka yi bayanin?"

Ta koma ciki. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Wata uku kullum ina buga waya: "Babu ko ɗigo." Gwangwanin kuwa a bushe yake ƙamas. Ranar da ruwa ya rushe katangar tela ma haka na faɗa, ina tsaye cikin taɓo har ƙauri.

Tela ya ce mini, "Na ji a rediyo wai fari ake yi a unguwarmu. Ka ara mini kwalekwale in je karɓar agaji."

Allah ya ja zamanin manyanmu, ba su zauna ba. Sun kafa kwamitin fari, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka yi taro huɗu a otal mai sanyi. Tauraron yana ta nuna musu ƙasa kore shar, suka ce ƙila idonsa ne ya yi yana. Ba wanda ya tako ya duba sai shekaranjiya.

Mai Girma Shugaban Kwamiti ya sauko daga mota, takalminsa ya nutse. Ya dubi rumfa, ya dube ni. Unguwa ta taru. Ni da in na ce na gani ba a neman wani shaida, yau ga ni ana nuna ni da baki: tsohon da ya ƙaryata damina. Na ɗauko guduma.

Sai Mai Girma ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Baba, ban da gaggawa. Rahoto ya riga ya hau sama, kuma saura taro na biyar, a ƙasar waje. Bar rumfar nan zuwa kaka. Ai ba ƙarya kake yi ba, abin da ka gani kake faɗa."

Na yi wauta da na kafa rumfar, na amsa laifina. Furfura ba ta hana ta. Amma wadda aka yi da ido buɗe sunanta daban.

Na sa bakin guduma a ƙusar farko.

"Ranka ya daɗe, ba zan bar ta ba."