Wakilan Alhaji Ba-Musu

Daga kasuwar kifin Haɗejia har zuwa Kafin Hausa babu mai basirar Alhaji Badaru. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sani? Ana ce masa Alhaji Ba-Musu, domin in ya nuna kada a kogi ya ce tarwaɗa ce, mutanen zaurensa tukunya suke ɗorawa.

Wata rana ya ji labarin manyan birni suna zuwa wurin lauya a rubuta musu takardar wakilci, su naɗa wanda zai tsaya musu kan magani da kuɗi da gona in ciwo ya kayar da su. Zancen ciwon bai shiga kunnensa ba. Naɗin ne ya yi masa daɗi.

Lauya ya ba shi shawara ya zaɓi mai iya yanke magana ranar da shi ba zai iya ba. Wani ya yi karambanin ambaton ƙanwar Alhajin, Bara'atu.

Alhaji ya gyara zaman babbar riga ya ce, "Bara'atu? Wadda tun muna yara in na ce gabas sai ta ce yamma? Ni ba abokin gardama nake nema ba. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya."

Sai ya tsamo uku daga cikin 'yan amshin shatansa. Auta ya samu wakilcin lafiya, Mala ya samu na kuɗi, aka danƙa wa Safiyanu gonar shinkafar fadama, wadda a bana Alhaji ya zuba duk abin da ya mallaka a cikinta. Aka yanka rago, aka ɗinka musu huluna iri ɗaya.

Shinkafa ta nuna, kogi kuma ya fara cika. Maƙwabta suka shiga yanka ba ji ba gani. A makon ne hawan jini ya kayar da Alhaji yana tsakiyar jawabi, aka kwashe shi sai asibiti.

Likita ya nemi amincewar Auta kan magani, Auta ya ce yadda Alhaji ya ce. Da aka nuna masa Alhaji ko sunansa bai sani ba, sai ya ce ai ba sauri, zai jira. Likita ya kore shi waje ya yi aikinsa.

Safiyanu kuwa bai yi lalaci ba. Kullum sai ya je ya dubo ruwa, ya dawo ya durƙusa a bakin gado ya tambaya cikin ladabi ko a yanke. Shiru. Ya san shiru ma magana ce, amma bai san wacce ba. Bara'atu ta tara masu lauje, Mala ya ce ba a ba shi umarnin sallamar kowa ba, Safiyanu kuma ya buɗe mata takarda ya nuna mata babu sunanta. Ta koma gida tana kukan takaici.

Da Alhaji ya farfaɗo, shinkafa ya fara tambaya. Safiyanu ya matso yana murmushin wanda ya riƙe amana.

"Ranka ya daɗe, ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Tana nan inda ka bar ta. Sai dai in za ka gani, a kwalekwale za a je, a leƙa ƙasa."

Alhaji ya daɗe yana kallon hulunan nan uku. Can ya ce a hankali, "Ashe duk Haɗejia babu wawa kamata."

Su ukun suka haɗa baki, "Haka yake, ranka ya daɗe."