Turmin Tabawa

A wani daji da ke gaɓar kogi, tun kaka da kakanni dabbobi gyaɗa suke nomawa su sayar wa birai fatake ɗanya. Birai su kai gari a matse, su dawo musu da man da tsada. Wata bushiya mai suna Tabawa, gajeriya mai taurin kai, ita ta fara cewa abin ya ishe ta. Shekara uku tana lallashin maƙwaƙwafi har ya sassaƙa mata ƙaton turmin kirya, wanda matan dajin za su riƙa daka gyaɗa a ciki suna matse mansu da kansu.

Ranar da aka gama shi, Wakili Burtu shugaban majalisa ya zo ya yi jawabi kamar shi ya sassaƙa. Tabawa ba ta damu ba. Ta sa aka ɗora turmin cikin rumbu, tana jiran kaka.

Kafin kaka kogi ya cika ya shanye gonaki. A ƙetare kuma kuraye da diloli suka kaure da yaƙi a kan ɗan tudun da ya rage, zomaye suka gudo da 'ya'yansu a jiƙe sharkaf. Majalisa ta yi zama.

"Jama'a," in ji Burtu, "majalisa ta tausaya ƙwarai. Mun kafa kwamiti zai gano ko ambaliya ce ta jawo yaƙin, ko yaƙin ne ya hana a gyara bakin kogi. Kafin ya gama, kowa ya yi haƙuri."

Wata zomanya, Lanti, ta raɓe a gindin rumbun Tabawa da 'ya'ya huɗu, ƙaramar tana tari, jikinta na kyarma. An nemi itacen hura wuta duk dajin, ko tsinke busasshe babu. Abu ɗaya ne ruwa bai taɓa ba. Tabawa ta hau rumbu ta daɗe tana shafa bakin turmin, sannan ta aika a kira gyado ya faskara shi.

"Yaya, kada ki yi," in ji Lanti. "Har ƙetare mun ji labarinsa. Mu ma mun sa rai."

"Ƙanwata, turmi ba ya tari. Matso da ƙaramar kusa."

Kwana uku kirya tana ci, 'ya'yan nan huɗu duka suka rayu. Tabawa ta yi kuka ba ɓoyewa, don ta san maƙwaƙwafi ya yi hijira kudu, ita kuma tsufa ya zo mata. Amma ko sau ɗaya ba a ji ta yi da-na-sani ba.

Da shekara ta zagayo birai suka dawo da buhunansu, Tabawa da Lanti suka bi layi da ɗanyar gyaɗa. A ranar kwamiti ya miƙa rahoto: cikin ikon Allah dajin bai yi asarar komai ba, sai ɗan itace.