Alhaji Iliyasu Ya Shuka Maganin Hanta

Duk wanda ya bi hanyar Kura zuwa Bunkure bai tsaya ya gaida Alhaji Iliyasu Mai Makulli ba, ya yi asarar tafiya. Shi ne shugaban ƙungiyar masu noman rani ta sashenmu, shi ke riƙe da makullin ƙofar kanal ɗin ban ruwa, kuma a wuya yake rataye shi har masallacin Juma'a, don kada baƙo ya ɗauka mutum ne kamar kowa. Ruwan daga dam ɗin Tiga yake tahowa, amma in ka ji Alhaji na bayani sai ka rantse daga aljihunsa yake ɓulɓulowa. Ilimi kuwa ba a magana. Ya taɓa yin kwas na kwana uku a Kadawa, har yau takardar shaidar tana bangon zaurensa cikin gilashi.

A farkon ranin 2006 aka ce matar wani ɗan ƙungiya na bukatar jini a wani asibiti cikin Kano. Alhaji ya ce ba wanda zai ba da sai shi, ya cika bas guda da 'yan rakiya don su shaida. Aka ɗebi kaɗan aka gwada. Likita ya ja shi gefe ya faɗa masa cewa jininsa ba zai karɓu ba, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Ya ce ƙwayar cutar ta daɗe tana cin hantar a ɓoye, amma akwai sauran dama in ya dawo bayan mako uku a fara masa allura, kuma duk watan da ya wuce hantar ce za ta biya. Alhaji ya fito ya gyara hula, ya shaida wa 'yan rakiya cewa likitoci sun ce jininsa ya fi ƙarfin mara lafiyar.

Mutum ɗaya ya faɗa wa gaskiya: yayarsa Inno, wadda ta goya shi, wadda kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa Iliya tsurarsa ya amsa. Inno ba ta karatun boko, amma ta riƙe ranar komawa asibiti daram a kanta.

Ana cikin haka wani abokinsa ɗan kasuwa ya dawo daga Dubai da tsarabar kwalba uku na ƙwayoyi. A jikin kwalbar akwai hoton wani tsiro mai ƙaya da fure shuɗi-shuɗi mai ratsin ja. Sunansa in aka fassara daga Turanci wai ƙayar madara, kuma wai Turawa na sha don gyaran hanta. Abokin ya ƙara da cewa ba a barin asibiti saboda wannan magani. Wannan kashin maganar bai shiga kunnen Alhaji ba, don lokacin yana kallon hoton.

Wani gama-garin mutum da sai ya buɗe kwalba ya haɗiya. Amma Alhaji ba gama-gari ba ne. Ya tara mu a bakin kanal, ya ɗaga kwalbar sama, ya yi jawabi.

"Jama'a, Bature ya kawo mana irin tumatir a gwangwani, muka shuka, ya fito. Ya kawo na alkama, muka shuka, ya fito. Yau ga irin hanta ya zo. Ni manomi ne ɗan manomi, ban taɓa cinye irina ba, kuma ba yau zan fara ba. Nan da wata huɗu Kano ce za ta riƙa zuwa Kura neman lafiya."

A gabanmu ya zauna ya ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zazzage garin cikin tasa, ya cakuɗa da yashi yadda ake wa irin albasa, ya watsa a fangalin da ya fi kowanne kusa da ƙofar ruwa, ya lulluɓe da ciyawa. Fangalin nan ya sha taki buhu guda. Ya sha ruwa sau uku a mako, alhali mu sau ɗaya muke samu.

Ranar komawa asibiti Inno ta zo da sassafe da mayafinta da tabarmar tafiya. Alhaji ya ce ta yi haƙuri, yau ranar ban ruwa ce, likita na iya jira amma iri ba ya jira. Ta ce masa hantar fa. Ya ce ai maganin hantar yake nomawa. Ta dawo mako na gaba, ya ce ranar cirar ciyawa ce. Ta sake dawowa, ya aiko a ce mata yana taro.

Cikin ikon Allah kuwa abu ya tsiro. Kore shar, ga ƙaya zaƙo-zaƙo a kowace gaɓa. To, mu dai ba makafi ba ne. Ƙayar raƙumi ce, wadda ruwan kanal ke kawo 'ya'yanta kowace shekara, muna tumɓukewa muna tsine mata. Amma wa zai faɗa wa mai makulli, tumatirinka na jiran ruwa ranar Talata? Sai muka shiga zuba yabo. Ni da bakina na ce masa ban taɓa ganin ganye mai kwarjini irin wannan ba. Allah ya yafe mini, har yau in na tuna sai na ji kunya.

Daga nan suna ya ƙaru, ya zama Farfesan Hanta. Ba ka isa ka wuce ƙofar zaurensa ba sai ya tsayar da kai, ya ɗage maka fatar ido da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce taka hantar saura ƙiris, ka rubuta suna cikin masu jiran girbi. Idon da yake duba namu da shi kuwa ya yi ɗorawa. Cikinsa ya soma tasowa, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce tumbin arziki ne, kuma alama ce ƙamshin fangalin kaɗai ya fara aiki. Ya sa tela ya ƙara wa rigunansa faɗi.

Inno ce kawai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi yabo ba. Kullum da hantsi za ka gan ta zaune a kan kunyar gonar tana kallon ƙanenta yana yi wa ƙaya lacca.

Wata huɗu cif fure ya fito, kuma don ƙarin masifa launinsa ya yi kusa da na jikin kwalba. Alhaji ya sa ranar ƙaddamarwa. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika, aka ɗaura ƙyalle a bakin fangali don a yanka. Babban baƙo shi ne Malam Muhammadu Sani, malamin gona, wanda aka gayyato ya tabbatar wa duniya. Kuskuren da Alhaji ya yi ɗaya ne: malamin ba shi da ko taku ɗaya na gona a layin ruwanmu.

Malam Muhammadu Sani ya durƙusa, ya tsinki reshe, ya juya shi, ya dubi kwalbar. Ya manta lasifika na bakinsa, ya ce wannan ai ƙayar raƙumi ce, abin da ke cikin ƙwayar kuwa gari ne da aka sarrafa a masana'anta, ba zai tsiro ba ko da an shekara ana ba shi ruwa, kamar dai mutum ya shuka garin tuwo. Kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa.

Alhaji ya miƙe da kyar ya karɓi lasifika.

"Jama'a, kun dai ji hassada da kunnenku. Haka aka yi wa duk wani babban mai bincike. Ni da na yi kwas a Kadawa..."

Bai kai ƙarshe ba jiri ya ɗebe shi, ya tafi luu, ya zauna daɓas a tsakiyar bincikensa. Mutum huɗu suka ciro shi, wasu biyu suka bi bayansa suna cire ƙaya. Ashe Inno tun safe ta tsayar da a-kori-kura ɗin da ke ɗibar tumatir. Aka shimfiɗa Farfesa tsakanin kwanduna, aka nufi Kano. Ni ma na bi, ko don na rage zunubi.

Likitan nan ne dai. Ya danna cikin, ya duba takardun gwaji, fuskarsa ba walwala. Ya ce hantar ta yi tabo sosai, allurar da ya so fara masa a da yanzu jikin ba zai ɗauka ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Inno ta sa gefen mayafi ta share ido. Alhaji, ko a kwance, bai fasa ba. Ya zaro kwalbar daga aljihu ya miƙa, ya ce shi fa ya riga ya wuce matakin allura, yana kan na Turawa.

Likita ya karanta, ya ce wannan ko an sha buhu guda ba ya kashe ƙwayar cutar. Ya tambaya guda nawa yake sha a rana.

Alhaji ya yi gyaran murya, amma Inno ta riga shi.

"Ko ɗaya bai sha ba, likita. Gona ya ba."

Likita ya ajiye biro, ya dubi Alhaji ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa.

"To, Alhaji, ita gonar ta ji sauƙi?"